Wa zai zana mana Yerwa kafin ta sake canza kama?

Cikin abin da bai kai shekara biyu ba, Kasuwar Monday ta ga wuta kuma ta ga ruwa. A daren 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta lashe ta. Aka sake gina ta, 'yan kasuwa ba su gama tsayawa da ƙafafunsu ba sai madatsar Alau ta ɓalle, ranar 10 ga Satumba 2024 ruwa ya shigo gari. Ya ratsa Fori da Gwange, ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kai Fos Ofis, ya kai asibitin koyarwa, bai tsallake fadar Shehu ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. To yanzu in yaro ɗan shekara goma ya tambaye mu yadda tsohuwar kasuwar take kafin gobara, yadda rumfuna suka cakuɗe, yadda hasken hantsi ke faɗowa ta tsakanin kwanon rufi a layin 'yan atamfa, me za mu ɗauko mu nuna masa? Sai dai mu ba shi labari, alhali Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Maganarmu a yau ita ce Maiduguri tana bukatar masu zanen da za su zauna su zana garin kamar yadda yake, titi-titi, unguwa-unguwa, kuma tana bukatar ɗakin da za a ajiye waɗannan zane-zane kowa ya shiga ya gani. Mun san wasu za su ce wannan zancen ƙoshi ne. Za mu zo kan haka.

Garin nan ba tsoho ba ne in aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa, aka shata Dandal daga ƙofar fada ya miƙe yamma kamar yadda yake a Kukawa, unguwanni suka taso kowacce da mutanenta: Shehuri kusa da Shehu, Fezzan ta Larabawan da suka zo daga hamadar Libiya, Hausari tamu. Amma a wannan ɗan ƙarni guda garin ya canza kaya sau da yawa. An kawo itacen dogonyaro Borno a wajajen 1928, har ya zama inuwarsa ce ke rufe manyan tituna. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, yau kuma shekaru ke nan ba mu ji kukansa ba. Garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ya samu jami'a a 1975. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur, cikin 'yan kwanaki acaɓa ya ɓace daga titi Keke Napep ta maye gurbinsa, launin titi da ƙararsa suka sake gaba ɗaya. Rikici ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga Bama da Gwoza da Kukawa da Marte, filaye suka zama sansani, sansanin kuma aka rufe. A ƙarshen 2021 aka buɗe gadar sama ta Kwastam, ta farko a garin, wasu suka biyo bayanta. Wanda ya bar Maiduguri a 2005 in ya dawo yau, sai an nuna masa hanyar gidan kawunsa.

Ba kukan ci gaba muke yi ba. Gada ta rage cunkoso, sabuwar kasuwa ta fi tsohuwar tsari. Abin da ke damunmu shi ne kowane canji yana tafiya da wata fuska ta garin ba tare da an bar ko kwafinta ba.

Mun taɓa ganin irin wannan a Borno. Kukawa, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, birni ce mai gari biyu, na gabas na masu sarauta, na yamma na talakawa da 'yan kasuwa, da babbar kasuwa da ke ci ranar Litinin. Rabe ya rushe ta a 1893. Yau duk mai son ya ga kamannin ƙasar Borno ta wancan zamani, littattafan Turawa matafiya yake buɗewa: na Dixon Denham da ya zo a 1823, da na Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya iso Kukawa a 1851, da na Gustav Nachtigal da ya zo a 1870. Barth yakan yi zane a takardunsa, da ya koma gida wani mai zane a Jamus ya gyara su aka buga. Wato kakanninmu mun gan su ne ta idon baƙo, kuma ta hannun mutumin da bai taɓa taka Borno ba. Mun gode da aka samu ko wannan, da babu gara ba daɗi. Amma abin kunya ne a ce bayan shekara 170 har yanzu baƙo ne ke ɗaukar kamanninmu ya kai wa duniya.

Kuma mun san irin hoton da yake kaiwa. Rubuta sunan Maiduguri a intanet ka duba hotunan da za su fito: hayaƙi, motar soja, mata a layin karɓar abinci, mutane a kan rufin gida ruwa ya kewaye su. Duk sun faru, ba mu musa ba. Sai dai ɗan jarida yana zuwa ne ranar da aka yi masifa, ranar da aka wayi gari lafiya ba shi da aiki a nan. Wannan ne ya sa Fati Abubakar, 'yar garin nan, ta ɗauki kyamara a 2015 ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum a shafinta na Instagram mai suna Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, kwalliyar Sallah, dattawa a bakin titi. Jaridun duniya suka ɗauka, don ba su taɓa ganin wannan Maidugurin ba. Ta nuna cewa in ɗan gida ya duba garinsa, abin da yake gani daban ne.

A nan wani zai ce, to ai magana ta ƙare, kowa na da waya a aljihu, me za a yi da fenti da burushi? Amsar farko ita ce mu tambayi kanmu hotuna nawa suka tafi da wayoyin da ruwan Alau ya ci, da waɗanda aka sace, da waɗanda aka goge don a samu wurin sa sabon bidiyo. Hoton waya yana da yawa amma ba shi da mazauni. Amsa ta biyu ta fi wannan nauyi. Kyamara tana ɗaukar abin da ke gabanta cikin ƙiftawar ido, mai zane kuwa sai ya zauna. Zai dawo wuri guda sau biyar, sau goma, ya lura cewa hazon hunturu yana mayar da hasumiyar masallaci kamar inuwa, cewa a watan Afrilu rana tana wanke launin komai har bango ya yi fari fat, cewa bayan ruwan farko ƙasar bakin Ngadda tana yin wani duhu da ba ta yi sauran shekara. Shi ne zai zaɓi abin da zai bari da abin da zai cire. Zai iya haɗa safiya da la'asar a kyalle guda. Abin da yake ajiye mana shi ne yadda wurin yake a ran wanda ya san shi.

Akwai labarin wani birni da ya kamata duk ɗan Maiduguri ya sani. Warso, babban birnin ƙasar Folan, sojojin Jamus sun rushe kusan kashi 85 cikin ɗari na gine-ginensa a Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawa a 1944. Da yaƙi ya ƙare mutanen suka ce sai sun mayar da tsohon garinsu yadda yake. Cikin abubuwan da suka dogara da su har da zane-zane sama da 20 na wani ɗan Italiya mai suna Bernardo Bellotto, wanda ya yi wa sarkin ƙasar aiki ya zana titunan birnin a shekarun 1770. Mutumin ya zana kowace taga, kowace ƙofa, kowane adon bango da irin kulawar da magina suka iya bin zanensa. A 1980 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin da aka sake ginawa cikin wuraren tarihi na duniya. Lokacin da Bellotto ke zaune yana ƙirga tagogi, babu wanda ya san ranar da za a nemi aikinsa. Abin sha'awa kuma, wani masanin gine-gine ɗan wannan ƙasa ta Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ne ya shafe shekaru yana aunawa da zana gine-ginen gargajiya na Nijeriya, kuma daga aikinsa aka samu wurin nan na gidan tarihin Jos inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Wanda ya ga an rushe garinsu ya san darajar ajiye kamannin gari.

Sai maganar addini, wadda ba za mu kauce mata ba don ita ce ke zuwa ran iyaye da yawa in yaro ya ce zane zai karanta. Malamai sun yi magana mai tsawo kan zana abu mai rai, kuma wannan fagensu ne. Amma zanen itace da gini da titi da kogi da sararin sama, ruwayar Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ta nuna ya halatta: wani mai sana'ar zane ya zo masa, ya gargaɗe shi kan masu rai, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Zanen gari yana cikin wannan fili mai faɗi. Wanda yake da taka-tsantsan zai iya zana Tashar Bama cike da jama'a ba tare da fitar da fuskar kowa ba, ɗigon fari da shuɗi da ja daga nesa sun isa su nuna cunkoso. Ballantana ma mu ba baƙin zane ba ne. Borno ta shahara da rubutun Alƙur'ani da hannu har ana kai shi arewacin Afirka, ga zayyanar allo, ga aikin hular Zanna Bukar da ke cin makonni ana saka launi kan launi, ga dagi da sauran adon bango na gidajen Zariya da Kano, ga zanen da ke jikin manyan motocin da ke ɗauko kifi da shanu. Ido da hannu muna da su. Abin da ba mu saba ba shi ne juya su ga titin da muke bi kullum.

Horo ma ba daga nesa za a nemo shi ba. Zanen zamani na Nijeriya a Arewa ya yi ƙarfi. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga Ibadan zuwa Zariya, a 1958 kuma ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, za su haɗa dabarar da aka koya musu da abin da suka gada. Daga baya Gani Odutokun ya koyar a can har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, Jerry Buhari ya ci gaba. Jami'ar Maiduguri ita ma tana da sashen da ke yaye masu zane. To ina aikinsu yake? Da yawa sun koma rubuta allon shago da buga bana ta 'yan siyasa da ta ƙungiyoyin agaji, wasu sun tafi Abuja da Legas, wasu sun ajiye burushi. Ba laifinsu ba ne. Mai zane ba ya cin fenti.

Amma muna da ƙorafi kan abin da ake zanawa in an samu dama. Shiga otal ko ofis a garin nan ka duba bango: bukkoki uku, rana tana faɗuwa, Bafulatana da ƙwaryar nono, ko mahayin doki ranar hawa. Wannan zanen za ka same shi a Kaduna, za ka same shi a filin jirgin Legas, ba ya gaya maka komai game da inda kake tsaye. Ɗaya nau'in kuma shi ne wanda ake yi don baƙi masu aikin agaji: uwa tana hawaye, yaro da kwano, kurciya ta zaman lafiya. Shi ma kasuwarsa ce ta haife shi. A Legas kuwa akwai irin su Abiodun Olaku da suka shafe shekaru suna zana unguwannin bakin ruwa da hasken fitila a kan titi bayan ruwan sama, ba su ji kunyar kwata ko rumfar katako ba, kuma masu kuɗin Legas suna sayen aikinsu da tsada don sun ga garinsu a ciki. Mu ma abin da muke so ke nan. A zana mana masu wankin hula sun jera huluna a rana kamar an shuka su. A zana kasuwar kifi ta hanyar Baga da kwalaye da hayaƙi. A zana Kasuwar Shanu da asuba, da layin Keke Napep a ƙarƙashin gadar Kwastam, da mai shayi da fitilar sola a shekarun nan da aka yi babu wutar lantarki bayan an karya turakun layin Damaturu a 2021. A zana alamar da ruwa ya bari a bangon gidajen Gwange kafin a shafe ta da fenti. A zana wayoyin lantarki da buhunan yashi na shingen bincike, don su ma garin ne.

To in an zana, ina za a kai? Tsayar da mai Keke Napep ka ce ya kai ka gidan baje kolin zane, ka ga ko zai san inda zai juya kan kekensa. Muna da gidan tarihi, kuma aikinsa na adana kayan da ne, yana da muhimmanci. Ɗalibai kan yi baje kolin ƙarshen karatu, a kwana biyu a kwashe. Abin da muke magana a kai wuri ne tsayayye, mai tarin zane nasa na kansa, wanda malamin firamare zai iya kai ajinsa ranar Laraba.

Kafin mu ce gwamnati ta gina mana, mu dubi tarihin gidan zane na ƙasa, don akwai darasi a ciki. An gama Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Iganmu, Legas, a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977. A wani sashe na cikinsa aka buɗe ɗakin zanen zamani na ƙasa, aka buga kundin ayyukan da aka fara tarawa a 1981. Tarin ba na wasa ba ne: akwai aikin Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, da na Akinola Lasekan, da na Ben Enwonwu, da na 'yan Zariya. A 1993 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 86 ta kafa Hukumar Gidan Zane ta Ƙasa, aka ba ta shugaba da ma'aikata da kasafi, ta buɗe ofisoshi a jihohi. Amma hukumar ta shafe shekara sama da 30 ba ta da ginin da aka yi musamman dominta a Abuja, shugabanninta ɗaya bayan ɗaya suna kukan haka, ayyuka masu yawa suna ajiye a sito inda ba mai ganinsu. Doka ta samu, albashi ya samu, bangon ratayewa ne ya gagara.

Kwatanta wannan da wuraren da suka fara daga ƙasa. Kulob ɗin Mbari da marubuta da masu zane suka buɗe a Ibadan a 1961, a wani ɗan gini ne kusa da kasuwa, amma a can aka nuna ayyukan da yau ake karantarwa a jami'o'i. Na Oshogbo da ya biyo baya a 1962, a gidan Duro Ladipo aka buɗe shi, kuma daga nan aka samu masu zanen da sunansu ya kai Turai da Amurka. Nike Davies-Okundaye ta fara ne da rini da ɗan wurin koyarwa a Oshogbo, sai a 2009 ta buɗe katafaren gidanta na Lekki. Gidan tarihin zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019, tarin mutum guda ne da ya yi shekaru yana saye da kuɗin aljihunsa. Ko Gidan Makama na Kano, tsohon gini ne aka gyara aka zuba kaya. Duk waɗannan, kaya da mutane ne suka riga gini. Inda aka fara da gini ko da doka, galibi sai a ƙare da mai gadi da kufulu.

Don haka shawararmu ga 'yan uwa, musamman 'yan kasuwarmu na Hausari da Gamboru da hanyar Baga da waɗanda Allah ya buɗa wa a Abuja da Legas da Saudiyya, ita ce a fara da saye. Mutum goma in kowannensu ya ɗauki nauyin zane guda a shekara, ya ce a zana masa unguwar da aka haife shi ko layin da mahaifinsa ya yi kasuwanci, ya biya mai zanen kuɗin da ya dace ba na tausayi ba, cikin shekara biyar akwai zane 50. Wanda ya biya a rubuta sunansa a ƙasan firam, ko sunan mahaifinsa in ya fi so. Kuɗin da ake kashewa a bana da kalandar biki guda ya isa. Sharaɗin kawai shi ne zanen ya zama na jama'a, a rubuce, da sa hannun amintattu, don kada ranar da mai ɗakin ya rasu magada su raba, ko wata gwamnati ta zo ta kwashe zuwa gidan saukar baƙi.

Ɗakin kuma ba sai ya zama abin kallo ba, amma kada ya zama a ƙasa. Ruwan 1994 ya koya mana, na 2024 ya maimaita: duk abin da ake son ya daɗe a garin nan, a hau da shi bene. Ana bukatar wurin da rana ba ta dukan bango kai tsaye, don zafin da ke wuce digiri 40 a bazara yana fasa fenti, ana bukatar tagogin da ke tare ƙurar hunturu, da firam ɗin da aka yi wa maganin gara. Ana bukatar littafin rajista: wa ya zana, yaushe, wane titi ne, daga wane ɓangare ya tsaya. Wannan bayani na ƙarshe shi ne zai yi amfani bayan shekara 50. A ɗauki hoton kowane zane da kyamara mai kyau a ajiye kwafi a jami'a da wani wuri a wajen jihar. Bayanin da ke jikin bango a rubuta shi da Hausa da Kanuri, da boko da ajami, kafin a zo ga Turanci, don tsohuwar da ta sayar da turaren wuta shekara 40 a kasuwa ta fi kowa haƙƙin ta gane abin da aka rataye.

Akwai wata matsala da sai ɗan gari ya san ta. Mutum ya kafa katako a bakin titi yana kallon gini yana rubuce-rubuce, a Maiduguri wannan ya isa a tare shi da tambayoyi, kuma bayan abin da muka gani ba za a zargi mai tambayar ba. Mai zane shi kaɗai ba zai iya warware wannan ba. Ƙungiya ce za ta iya kai shi wurin Bulama ko Lawan na unguwa, ta gabatar da shi, ta sanar da jami'an tsaro da 'yan sa-kai na yankin, a san ranar da zai zo da inda zai zauna. In aka yi haka, yaran unguwa da kansu za su kewaye shi suna gaya masa ya manta da tagar gidan su wane.

Mun ce za mu dawo kan masu cewa zancen ƙoshi ne, ga mutanen da har yanzu ba su gyara ɗakunan da ruwa ya rusa ba, ga marayu, ga tsadar masara. Gaskiya ne, kuma in zaɓi ne tsakanin buhun shinkafa ga mai yunwa da gwangwanin fenti, babu mai hankalin da zai tsaya tunani. Amma ba daga tukunya ɗaya ake ɗiba ba. Alhajin da zai biya kuɗin zanen Dandal ba zakkarsa zai rage ba, kuɗin adon falonsa ne da yake kai wa Dubai a sayo masa hoton wani birni da bai taɓa kwana a ciki ba. Kuɗin kuma a garin zai tsaya: wurin mai zane, da kafinta mai firam, da mai sayar da yadi, da mai Keke Napep da zai ɗauko kayan. Sannan akwai mutanen Bama da Baga da Damasak da suka zauna tare da mu shekara goma, da yawansu in ka tambaye su hoton tsohuwar unguwarsu babu ko ɗaya, sai su ɗauki tsinke su zana maka a ƙasa: nan masallaci, nan rijiya, nan gidanmu. Ɗakin da muke magana a kai ya kamata ya tura masu zane su zauna da irin waɗannan dattawa, su zana abin da suke faɗa, tun suna da ran faɗa.

Wanda ya san wani mai zane a unguwarsu, ko yake da tsohon zane ko hoton garin nan da ya tsira daga ruwa, ya yi wa shugabannin ƙungiya magana a taro mai zuwa. Wanda kuma yake da ɗaki a bene da ba ya amfani da shi, shi muka fi nema.